Iskar Hanya Tana Cinye Mana Ji: Kira ga Masu Babur na Kumbotso, Kura da Bunkure

Ya ku masu babur na Kumbotso da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ina nufin manomin da ke tayar da mashin bayan sallar asuba ya nufi fadama, da ɗan acaɓan da ke jiran fasinja a bakin tasha, da dillalin tumatir, da malamin makarantar da ke zuwa aiki ƙauye ya dawo gari da yamma. Ku ba ni aron hankalinku. Akwai abin da hanya ke karɓewa a wurinmu kowace rana, ba da bindiga ba, ba da hatsari ba, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Jinmu ne. Abin da zai tsare shi kuwa ɗan ƙanƙani ne, yana shiga aljihun gaba na riga, kuɗinsa bai kai na litar mai ba. Sunansa matoshin kunne, kuma roƙon da nake yi shi ne mu saye shi, mu koyi sa shi daidai, mu mayar da shi al'adarmu.

Kowa ya san abin da babur yake a wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya shigo Kadawa da kewayenta, ƙasar nan ta daina barcin rani. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara, ana cire wannan ana zuba wancan, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. To me ke ɗaukar wannan arziki daga bakin kanal zuwa bakin kwalta? Babur ne. Shi ke kai buhun taki inda mota ba ta shiga. A bayansa ake ɗaure injin ban ruwa da tiyo da jarkar fetur. Shi ke fito da kwandon tumatir zuwa Kwanar Gafan, shi ke kai mara lafiya asibitin Kura cikin dare. Ko da gwamnatin Kano ta hana goyon fasinja a cikin birni a watan Janairun 2013, har da nan Kumbotso, dokar ba ta raba mu da babur ba. Mutumin Panshekara ko Zawaciki ko Na'ibawa da ke da gona a Kura, da babur yake zuwa, da babur yake dawowa.

Haɗarin da ke cikinsa kuwa ba sai an faɗa mana ba. Duk wanda ya daɗe yana bin titin Zariya ya taɓa tsayawa a kan ɗan'uwa da ya faɗi. Saboda irin wannan ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano daga ranar 1 ga Janairun 2009, kuma ina nan a kan cewa duk mai hawa babur ya sa ta, domin kai ɗaya ne. Amma cutar da nake magana a kanta yau ba ta zubar da jini. Ba a taruwa a kanta a gefen hanya, ba a zuwa dubiya. Shi ya sa ta samu damar yi mana ɓarna shekara da shekaru ba wanda ya ɗaga murya.

Yawancinmu in aka ce ƙarar babur, inji muke zargi. A cikin gari, inda ake tafiya a hankali, haka ne: inji ne da hon da hayaniyar motoci. Amma da zarar ka wuce gadar Tamburawa hanya ta miƙe, ka murɗa, abin ya canza. Daga wajen gudun kilomita 60 a awa, iskar da ke dukan kanka tana kaɗawa a gefen kunnuwa ita ce ke rinjayar komai. Wani likitan kunne a Ingila, Andrew McCombe, tare da abokan aikinsa, sun auna wannan ƙara a kunnen mahaya babur a shekarun 1990. Ma'aunin ƙarfin sauti shi ake kira desibel. Abin da aka samu shi ne kimanin desibel 90 a gudun kilomita 60 a awa, yana hawa har ya kai wajen 110 a gudun kilomita 160. A tsakani, mai gudun kilomita 100 yana cikin ƙarar da ta kai wajen desibel 100. Kuma ku lura, a cikin hular kwano aka yi wannan awo. Hular tana tsare ƙoƙon kai, amma ba ta hana iska shiga ta ƙarƙashinta ta yi ta ruri. Rawani da hiramin da muke naɗawa lokacin hunturu kuwa sanyi da ƙura suke tarewa, sauti ratsa su yake yi.

Waɗannan lambobi ba za su yi ma'ana ba sai an san iyakar da kunne ke iya ɗauka. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin gida biyu. A 88, awa 4. A 91, awa 2. A 94, awa 1 tak. A 100, minti 15 ne rabonka na yini ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babba zai iya zama lafiya cikin desibel 80 na awa 40 a mako, abin da ya haura haka sai a rage lokaci.

Yanzu sai kowa ya yi wa kansa lissafi. Daga Na'ibawa zuwa Kura kusan kilomita 30 ne. Mai tafiya a 60 zai ci rabin awa zuwa, rabin awa dawowa. A rana ɗaya ya cinye kusan rabin abin da kunnensa zai iya ɗauka, tun bai taɓa aikin komai ba. Wanda ke murɗawa zuwa 80 ko 90 don ya riski kasuwa kafin rana ta taɓa tumatir, shi ya wuce iyaka tun a hanya. Ɗan acaɓan da ke kai da kawowa tsakanin Kura da Bunkure da Rano daga safe zuwa magariba kuwa ba a magana. Kuma kunne ba ya ware ƙarar hanya daban da ta gona. Mutumin nan da ya sauka daga babur, shi ne zai tsuguna kusa da injin ban ruwa yana gyara tiyo. Shi ne zai kai shinkafarsa injin casa a Kura ya tsaya a ciki har a gama. Da dare kuma ga janareton maƙwabci a jikin taga. Duk a asusu ɗaya ake tarawa. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar na'ura: in mutum yana tsaye nesa da kai tsawon hannu ɗaya amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to wurin nan ƙararsa ta kai ta cutarwa.

Me ke lalacewa a ciki? Mutane suna zaton dodon kunne ne ke fashewa. A'a, ɓarnar ta fi nan zurfi. Can ciki bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙashi murɗaɗɗe cike da ruwa, a cikinsa Allah ya jera wasu ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, kimanin dubu 15 a kowane kunne. Su ne ke karɓar motsin sauti su miƙa wa jijiya, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa. Manomi zai fi kowa gane halinsu. Kamar ɗanyar alkama ce a gona: in iska ta kwantar da ita da dare, da safe sai ta miƙe. Amma in garken shanu ya riƙa bi ta kanta yau da gobe, wata rana ba za ta ƙara tashi ba. Bambancin kawai shi ne gona ana sake shuka ta, waɗannan kuwa da su aka haife ka, in sun mutu jikin ɗan Adam ba ya fitar da wasu. Har yau babu allura ko ƙwaya ko tiyatar da ke tsiro da su.

Kunne yana gargaɗi kafin ya gaji, mu ne ba ma kula. Ka sauka daga doguwar tafiya, ka kashe mashin, sai ka ji wani siririn kuka a cikin kai, ko ka ji muryoyin mutane sun dushe kamar daga bayan bango suke magana. Ka ce gajiya ce, ka kwanta, da safe ya washe. Wannan washewar ita ke yaudararmu. Kowane irin wannan dare akwai abin da ya rage bai dawo ba.

Ku dubi dattawan da suka shekara ashirin ko talatin a kan babur, a kowace majalisa akwai su. Ana hira ana dariya, shi yana zaune ya karkato kai gefe guda, idonsa a kan leɓen mai magana. In aka juyo gare shi sai ya ce, "Na'am? Me ka ce?" A maimaita, ya sake tambaya, a karo na uku sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, alhali bai kama zancen ba. In an kira shi a waya sai ya tashi ya koma lungu, ya danne ɗaya kunnen da yatsa. A gida rediyonsa ya cika tsakar gida, uwargida tana cewa, "Malam, a rage mana," shi kuma yana ganin yara ne suka daina buɗe baki in suna magana. Ba taurin kai ba ne, ba kuma tsufa kaɗai ba ne. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts", shi ya sa yake jin murya amma kalmomin ba sa fita, musamman a cikin taro. Da kaɗan-kaɗan sai mutum ya rage zuwa majalisa, ya rage magana, ya zama baƙo a cikin iyalinsa.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Mutum ya yi wa iyalinsa fafutuka a kan hanya shekaru, sannan lokacin da ya kamata ya zauna ya ji daɗin muryar jikokinsa, ya zama ba ya jin su. Ya tsaya a sahun baya ranar Juma'a huɗuba ta wuce shi. Ya je ciniki a faɗi farashi ya ji wani abu daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutum sama da biliyan 1.5 a duniya suna da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu har suna buƙatar taimakon asibiti. Wasu da shi aka haife su, wasu ciwo ne ya jawo musu, kuma babu abin kunya a cikinsa: 'yan'uwanmu kurame suna karatu a makarantar Tudun Maliki, suna sana'a, suna da maganar hannunsu. Amma wanda ƙara ta jawo, shi ne wanda ake iya kaucewa tun farko. Ji amana ne da aka ba mu, bai kamata mu bar shi a kan titin Zariya ba.

Na san abin da ke bakin da yawa daga cikinku, kuma tambaya ce ta mai hankali: "In na toshe kunne, yaya zan ji hon ɗin tirela?" Duk wanda ya taɓa jin babbar mota ta taso masa ta baya a kusa da Kwanar Dawaki ya san wannan ba wasa ba ne. Amsar ita ce matoshin kunne ba ya kurmantar da kai. Rage ƙarfin sauti yake yi, ya rage na iska, ya rage na hon tare. Hon ɗin da ya fi iska ƙarfi kafin ka sa, zai ci gaba da fin ta bayan ka sa. Abin da ya ƙaru shi ne kunnenka bai gaji ba, bai dushe ba, yana aiki a inda ya fi iya rarrabe sauti. Su McCombe sun gwada wannan ma, suka ga a gudun babbar hanya matoshin bai hana mahayi jin sautin gargaɗi ba. Wanda ya kamata ya ji tsoron rashin jin hon shi ne wanda ya bar kunnensa a buɗe shekara goma har jin ya ragu, domin shi tasa toshewar ba ta ciruwa.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta duka. A cikin gari, cikin cunkoson A Daidaita Sahu da masu tura baro da yara masu tsallaka titi, inda gudunka bai wuce 30 ko 40 ba, iska ba ta kai ta cutarwa ba, kuma kana buƙatar jin kowane motsi. A nan matoshi mai ƙarfi sosai zai iya rage maka abin da kake buƙata. Haka a kan gaɓar kanal, inda kake lallaɓawa da kaya. Wurin matoshi shi ne buɗaɗɗiyar hanya da doguwar tafiya, da kuma gaban inji. Wanda kuma jinsa ya riga ya ragu, ya fara ganin likita kafin ya zaɓi irin da zai sa.

To wane iri za a saya? Wanda ya fi sauƙin samu da araha shi ne na soso, ɗan guntu mai laushi, galibi ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, irin wanda ake raba wa ma'aikatan masana'anta. Kamfanoni irin su 3M da Moldex suna yin sa, kuma wurin nemansa shi ne shagunan da ke sayar da kayan kariyar ma'aikata, masu takalmin aiki da safar hannu da tabarau. Duk wanda ke da ɗan'uwa mai aiki a masana'antun Challawa ko Sharaɗa ya tambaye shi, zai gane abin da ake nufi. In an sa shi daidai, na soso ya fi kowanne tare ƙara, kuma ba ya tokarar hular kwano. Aibinsa shi ne ba ya daɗewa. In ya yi datti, ko ya taurare, ko ka murza shi ya ƙi komawa siffarsa, ya gama aiki, a jefar.

Akwai na roba mai leɓɓa biyu ko uku, wanda ake wankewa da ruwa da sabulu a shanya a sake sawa har watanni. Ga manomin da hannunsa ke cikin laka da taki, wannan yana da wata fa'ida babba: ana riƙe shi ta kara, ba sai yatsa ya taɓa ɓangaren da ke shiga kunne ba. Sai dai a duba karan. In ya yi tsawo, hular kwano za ta danne shi ya yi maka ciwo, ko ta fizge shi lokacin da kake sa ta. A cikin na robar akwai waɗanda aka yi musamman don masu babur, irin na kamfanin Alpine, masu ɗan rami a tsakiya da matata a ciki. Suna rage ƙara daidai gwargwado, magana da hon suna fitowa a fili fiye da na soso. Sun fi tsada, amma a ganina ɗan acaɓan da dole ya ji fasinjansa, in yana da hali, su ya kamata ya nema. Akwai kuma wanda ƙwararren ji ke auna kunnenka ya zuba maka naka na kanka. Wannan sai mai ƙarfi.

A jikin leda ko kwali za ka ga haruffa SNR ko NRR da lamba a gabansu. Lambar tana nuna yawan desibel ɗin da matoshin ya rage a ɗakin gwaji. Na soso yakan nuna 30 ko fiye, masu matata kuma daga wajen 15 zuwa 25. Kada ka ɗauki lambar a matsayin alkawari, domin a hannun mutane abin da ake samu sau da yawa bai wuce rabinta ba, saboda kuskuren sawa. Kada kuma ka ce sai mafi girman lamba. Abin da ake so shi ne ƙarar da ke isa cikin kunne ta sauko zuwa tsakanin desibel 70 da 80, ba a yi shiru ɗif ba. Wanda ba a rubuta masa lamba ko sunan kamfani ba, ka bar wa mai shi. Kuma ramin kunne ba ɗaya ba ne, har na dama da na hagu sukan bambanta. In wanda ka saya yana zamewa ko yana yi maka zafi bayan ɗan lokaci, girman ne bai dace ba, ka gwada wani. Matoshin da ya fi kowanne shi ne wanda za ka iya daurewa da shi tun daga tashi har sauka.

Sawar ita ce inda aka fi faɗuwa, don haka a karanta nan a hankali. Ka sa shi kafin ka tayar da mashin, kafin hular kwano, ba a kan tafiya ba. Ka wanke hannu, ko aƙalla ka goge shi da kyau. Ka ɗauki soson tsakanin babban yatsa da manuni, ka murza shi sannu-sannu har ya zama siriri santal, ba tare da ya naɗe ko ya yi ƙunci ba. In kunnen dama za ka sa wa, ka zagayo da hannun hagu ta saman kai, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya. Wannan jan shi ke miƙar da ramin, domin a lanƙwashe yake. Nan take ka zura soson tun bai kumbura ba, ka dafe shi da kan yatsa, ka ƙirga zuwa talatin. Za ka ji yana buɗewa a ciki, hayaniyar waje tana ja da baya, muryarka ta koma tana yi maka amo a cikin kai. Ka leƙa madubi: in rabinsa yana waje ana hango shi ta gaba, bai shiga ba, ka cire ka sake. Ka kuma rufe kunnuwanka da tafin hannu ka buɗe. In ka ji bambanci mai yawa, akwai inda ƙara ke shiga. Wajen cirewa, a murɗa a hankali a zaro, kada a fizge.

Ranar farko ka gwada shi a hanyar da ka sani, wadda ba cunkoso. Akwai abin da zai ba ka mamaki: da yake kukan inji ya ragu, za ka ji kamar ba ka gudu, hannunka ya ƙara murɗawa ba ka sani ba. Saboda haka wanda agogon gudunsa ya mutu ya gyara shi. Masu cire madubi kuma, don Allah a mayar. Babu kunnen da zai yi maka aikin madubi, ko a toshe ko a buɗe. Rage gudu kansa magani ne: wanda ya sauko daga 90 zuwa 60 ya rage wa kunnensa kaya mai yawa, ya kuma rage wa iyalinsa fargaba.

A samu ɗan ƙaramin gwangwani ko robar magani mai murfi a riƙa ajiye shi, kada a jefa shi aljihu tare da goro da canji. Ba a aron matoshin kunne, ko tsakanin wa da ƙani. Wanda kunnensa ke ciwo ko yake zubar da ruwa kada ya sa, ya je asibiti tukuna. Kuma tunda ana maganar abin da ke shiga kunne, a daina sosa shi da makullin babur da tsinken ashana da gashin kaza. Suna tura datti ciki, suna ƙuje fata, wani lokaci su huda dodon kunne.

Auduga ba matoshi ba ce, haka takarda da tsumma. Abin da suke tarewa kaɗan ne ƙwarai, sai dai su sa ka ji kamar ka yi wani abu. Wanda ya fi su muni shi ne iyafis ɗin waya. Matasanmu suna cusa shi suna sauraron waƙa ko karatu a kan babur, kuma don sautin ya fi iska dole su ƙure shi. Ƙara biyu ke nan a kunne ɗaya, ga hankali ya rabu. Sai kuma masu huda salansa ko cire abin cikinta don mashin ya riƙa tsawa, musamman ranar ɗaurin aure da rakiyar amarya. Ƙanena, wannan tsawar kai ne ka fi kowa kusa da ita. Bayanka sai jaririn da ke goye a bayan uwarsa a bakin hanya, da tsohon da ke kwance ba lafiya. Najeriya tana da dokar kayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, amma ko babu doka, haƙƙin maƙwabci ya isa ya hana. Bakanike kuma, in aka kawo maka wannan aiki, ka ƙi.

Wannan ba abin da mutum ɗaya zai yi shi kaɗai ba ne, domin na farkon da ya sa za a yi masa dariya a tasha. Shugabannin 'yan acaɓa na Kura da Bunkure da Garun Malam, ku ne za ku karya wannan. Ku haɗa kuɗi ku sayo kwali guda, sari ya fi araha, ku raba wa mambobi, ku fara sawa da kanku a gabansu. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan kanal, ku sa maganar cikin taronku kamar yadda kuke sa maganar taki da rabon ruwa. Masu sayar da kayan gyaran babur da masu kemis, ku ajiye shi a kan kanta, abin da ido bai gani ba hannu ba ya saye. Masu injin casar shinkafa, yaran da ke wuni a gaban injinku amana ne a hannunku, ku saya musu, ku tabbatar sun sa. Malamanmu, minti biyu bayan sallar Juma'a za su isa inda takarda ba za ta kai ba. Gidajen rediyon Kano, ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, ku gayyato likitocin kunne su yi wa jama'a bayani da Hausa. Jami'an kiyaye haɗurra da na hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA, in kuna wayar da kai a kan hular kwano ku haɗa da kunne. Shugabannin ƙananan hukumominmu kuma, ku nemi a kawo gwajin ji kyauta tashoshin babur, ko sau ɗaya a shekara.

Iyayenmu mata da matan aure, ku ne kuke fara ganewa, tun kafin shi mai kunnen ya yarda. In kin lura maigida yana yawan cewa a maimaita, ko yana ƙorafin kuka a kunne in ya dawo, ki faɗa masa cikin ladabi da tausayi, kada a mayar da shi abin tsokana a gida. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda ya riga ya ga alamun nan a jikinsa kada ya ce aikin gama ya gama. Abin da ya rage shi ne abin tsarewa. A je asibitin Kura a nemi takardar turawa, ko a wuce sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Asibitin Murtala. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Gwajin ji ba zafi, ba allura: sauti ake sa maka ka nuna lokacin da ka ji. Wani ma datti ne kawai ya cushe, a wanke masa ya koma gida yana ji. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, a tafi a ranar, kada a tsaya ɗiga mai ko jiƙo. Na'urar taimaka wa ji tana da amfani, amma tana da tsada, tana cin batir, kuma ba ta mayar da kunne yadda Allah ya yi shi.

Don haka, 'yan'uwana, kada a jira kakar tumatir ta wuce. A cikin makon nan kowa ya nemi nasa, ya sayi biyu, ya ba abokin tafiyarsa ɗaya ya koya masa yadda ake sawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a tasha da majalisa da bakin kanal. Gobe da asuba, kafin ka taka kik, ka sa matoshin kunnenka, ka sa hular kwanonka, ka rage gudu. Allah ya tsare mana jinmu da ganinmu, ya kai mu gida lafiya.